Birnin da ke Tafin Hannun Ladingo

Duk wanda ya ce ƙarya nake yi, ga tafin hannuna na dama nan, ya zo ya duba tabon. Ni ce Ladingo mai ƙosai ta bakin tasha, wadda direbobi suka laƙaba wa Hannun Ƙarfe. Shekara ashirin da biyu ina tsame ƙosai daga tafasasshen mai da yatsuna, ba matsami ba cokali. Fasinjoji kan sauko daga mota don kallo kawai, su saya ko ba sa jin yunwa. Ana ta cewa asiri na ci. To yau dai zan faɗa, kyauta ce aka yi mini, kuma da bakina na roƙe ta.

Tun ina yarinya Innata ta hore ni, ba na zubar da ruwan zafi a ƙasa sai na yi bisimilla, na ce masu wurin su kauce da 'ya'yansu. Ban taɓa fashi ba. Wata rana da tsakar rana, ina da tsohon ciki, mai ya fantsamo mini a hannu, na zauna bayan murhu ina kuka ina tsine wa wuta. Sai tokar da ke gabana ta motsa, wata tsohuwa ta fito daga ciki tana kakkaɓe zane. Tsawonta bai wuce muciya ba. Ta ce sunanta Ta-Toka, jikokinta a ƙarƙashin murhuna suke wasa, kuma ko ɗaya bai taɓa ƙonewa ba saboda ladabina. In faɗi abin da nake so.

Ban ce dukiya ba, ban ce Makka ba. Na miƙa mata hannun da ke raɗaɗi, na ce kada in ƙara jin zafi har abada. Sau uku tana tambayata ko na yi tunani, sau uku ina ce mata ta daina ja mini rai. Ta ba ni wani jan ƙulli a ƙoƙo, barkonon ƙasarsu, ta ce in riƙa shafe jikina da shi ina kuma lasa har kwana arba'in. Kwanakin farko na ga tashin hankali, kamar an kwantar da ni a garwashi. Daga nan abin ya riƙa ja da baya. Ran na arba'in na tsoma yatsa a kasko, jiƙewa kawai na ji. Sanyi ina jinsa, taɓi ina jinsa, amma zafi da ɗumi sun yi ƙaura daga jikina. Bayan mako biyu na haihu.

'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, Yalwa muke ce mata a gida. Ita ce ta fari, ita ce auta. Innata na da rai a lokacin, ita ta yi mana wankan jego, shi ya sa asirina bai tonu ba. Kowa ya ɗauka jimiri ne da ni, har Yalwa ɗin. Ni kuwa na bar su a haka, don sunan na yi mini daɗi.

Bara Yalwa ta haifi ɗa namiji, aka kawo ta gida wanka kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Gwaggon mijinta, Hajiya Turai, ita ta rako su. Washegari da hantsi na tafasa ruwa da ganyen darbejiya, na juye a baho. Hajiya Turai ta leƙo ta ce an sirka kuwa? Maimakon in ce ta zo ta taɓa, sai girman kai ya ɗebe ni. Na tsoma hannu har gwiwa a gabanta, na ce daidai yake.

Yalwa ta cije leɓe a fyaɗawar farko, don an gaya mata ruwan jego dama da zafi yake, ga kuma kunyata da take ji. A ta uku ta saki ƙara. Bayanta gaba ɗaya ya tashi, ya yi bororo. Hajiya Turai ta shigo a guje, ta sa yatsa a ɗan bahon da na haɗa wa jariri, ta fizge shi tana yarfewa. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta rungume yaron ta ce in an yi la'asar za ta kawo mota ta kwashe su, a ƙarasa arba'in a gidanta. Na ɗauko ɗan curin man kaɗanya zan shafa wa Yalwa, ta kau da kafaɗa ta ce, "Bari, Inna. Hajiya za ta shafa."

Wallahi ban taɓa jin ciwo irin na maganar nan ba. Na ƙulle man a bakin zanena, na zagaya bayan gida wurin murhun ƙosai, wanda ban hura ba ran nan. Na zuba ragowar ruwan zafi a toka, na yi bisimilla, na ce masu wurin su fito ina da magana.

Ta-Toka ta fito, ba ta ƙara tsufa ko kaɗan ba. Na ce ta karɓi kyautarta. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ban ɗauki komai naki ba balle in mayar. Birane ne a cikin fatarki, kika sa aka kashe su. Babbansu yana tafin hannunki na dama. In kin ta da shi, sauran za su ji su farka."

Ta sa na ɗora tafin hannun a kan dutsen murhu, ta jera itace ta hura wuta. Ta ce kafin itacen nan ya cinye dutsen zai yi ja. In na ta da Ƙofar Zafi da ke cikin babban birnin, hannun zai janye kansa. In na kasa, zai gasu a wurin, ni kuma ina ciki. Kafin in buɗe baki ta hura mini toka a ido, sai na ji ina ƙanƙancewa, har na rufta cikin wata tsaga da ke gindin babban yatsana.

Na faɗo a wani fili fari fat, busasshe, duk ya tsattsage. Saman wurin ba sama ba ce, baƙin dutse ne shimfiɗe daga gabas har yamma, na gane dutsen murhuna ne. Ko'ina tuddai ne masu sheƙi. Na yi ta hawa ina gangarawa kafin in fahimci tabbai ne. Wani dogon tudu na san shi sarai, ranar da kasko ya kife mini ina dariya da kwandasta. Ga kufan gidaje, ga hanyoyi da suka yanke a tsakiya, ba ko tsuntsu. Da na waiwaya, gefe ɗaya na dutsen sama ya fara yin ja.

Na sami wata rijiya mai murɗaɗɗen baki, irin wadda gumi ke fitowa ta ciki. Na tattare zane na shiga. Santsi ya kwashe ni, na yi ta juyi har na tsunduma cikin wani teku mai ɗanɗanon gishiri. Teku kuwa cike yake da halittu 'yan dunƙule-dunƙule, kowanne sanye da rigar ruwa, ba su ƙidayuwa. Ƙanana sun fi yawa, manyan kuma kowanne da kaya biyu a ka. Duk sun fuskanci waje ɗaya suna turereniya.

Suka kewaye ni suka tambayi ko ni wace ce. Da na faɗa, teku ya ɗauki ruri. Wani babba cikinsu ya ce su ne Mutanen Gishiri, aikinsu ɗaya ne a duniya, in an buɗe ƙofa su ruga cikin birni da labari. Shekara ashirin da biyu suna tsaye a bakin ƙofar da ba ta buɗewa, saboda ni. Suka fara danna ni ƙasa. Na sha ruwa na ƙoshi, amma bakina bai mutu ba. Na ce musu a tasha na tsufa, na san halin fasinjan da ya wuni ba mota, kuma ban taɓa ganin wanda ya nutsar da mai gyaran mota ya isa gida ba. Suka tsaya suka dubi juna. Can sai suka ɗaga ni bisa kawunansu, suna miƙa ni daga wannan zuwa wancan har gindin ganuwa.

Ganuwar ta mai ce zalla, ruɓi biyu, tana rawa a hankali. Ni da nake sana'ar tuya ba sai an gaya mini ba, ruwa ba ya ratsa mai, mai rigar ruwa kuwa bai isa ya wuce ba sai ta ƙofa. Ƙofar da na fara tararwa wasu mata huɗu ne cikin fararen kaya, tsaye a cikin man, kafaɗa da kafaɗa, sun haɗa goshi. Ina kallo wata 'yar iska mai sanyi ta biyo ta bayan hannu, matan suka takure, suka ɗan murɗa, wata 'yar kafa ta buɗe a tsakiyarsu. Mutanen Gishiri suka riƙa silalewa ɗaya bayan ɗaya. Iskar na wucewa suka koma suka haɗe.

Na yi sallama, na tambayi ina mai makullin. Babbarsu ta ce, "Babu makulli, ya ke mai gida. Mu ne ƙofar. Sanyi ke takure mu, in mun takure sai hanya ta samu. Ba ma shawara, ba ma jiran umarni." Ta ce ganyen na'a-na'a ma yakan zo ya zauna musu a kwiɓi, su takure kamar sanyin gaske ne, shi ya sa mai tauna shi ke jin iska a baki. Haka barkono ke yi wa 'yan'uwansu na Ƙofar Zafi. Sai dai abin da ni na yi musu ya wuce wasa. Ta nuna mini inda suke can yamma, ta ce babu tudu, sai dai in bi ta cikin ganuwa.

Haka na shiga mai ina iyo. Rabin dutsen sama ya yi ja a lokacin, man ya fara tsinkewa, yana 'yan ƙwayaye. Ni ba na jin komai, amma idona ya san man da ya kusa karɓar ƙullu. Na nutse na taso, na juya na sake juyawa. Na ce ikon Allah, yau ga Ladingo ta zama ƙosai.

Na fito a wani wuri da man ya janye ya bar busasshen gurbi. A nan na same su, ƙatti huɗu jajaye, sun zube sun jingina da juna, ƙura ta rufe su. A kwiɓin kowanne akwai ɗan aljihu, a ciki an cusa jar ƙaya ta barkonon Ta-Toka, ta bushe ta kama nama. Na yi kira, na jijjiga, na ɗaɗa wa ɗaya duka a gwiwa, ko motsi. Na ja ƙayar, ta ƙi. Na kamfato ruwan teku na zuba, sai ta ƙara kamawa. Nan na dafe kai na ce kai, Ladingo, kin ji kunya. Yaro ma in yaji ya kama masa baki ba ruwa ake ba shi ba, maiƙo ake nema. Na kai hannu ga ganuwa, man ya zame ya koma, ba ya ɗebuwa. Sai na tuna da ƙullin bakin zanena.

Man kaɗanyar da Yalwa ta ƙi shi na kwance. Na murza a gindin ƙaya ta farko, ta yi laushi ta zare. Ta biyu ma haka, ta uku da ƙyar. Ta huɗu man ya ƙare, na sa haƙori na cije ta, na tokare ƙafa na fizgo, har haƙorina na gaba ya tafi da ita. Ga giɓin nan, shi ma ana iya dubawa.

Suka buɗe ido a tare. Babbansu ya dube ni daga sama har ƙasa, muryarsa ta sa ganuwa ta girgiza.

"Ke ce mai gidan da ta kira mu maƙiya?"

Na ce ni ce.

"Kwana arba'in kika banƙare mu. Gishiri ya yi ta kwarara har ya ci birni, makaɗin gangar da ke kai labari ya kurumce ya gudu, mutane suka tashi. Mu ba mu san wuta ba, ba mu san barkono ba. Abin da ya miƙe mu, shi muke sanarwa. Ba mu taɓa ƙona ki ba, ya ke 'yar Adam. Faɗa miki kawai muke yi kina ƙonewa."

Na gaya musu zancen Yalwa da bayanta, da ɗan bahon jariri, da motar da za ta zo da la'asar. Sannan halin kasuwa ya motsa, na ce ko za su ba ni ɗumi kawai, su riƙe ƙunar. Ya ce akwai ƙananan ƙofofi na ɗumi a bayansu, amma ganga ɗaya ce, hanya ɗaya ce, wanda ya buɗe wa wannan ya buɗe wa wancan. Ya ƙara da cewa ƙofar da ta daɗe a rufe saurin buɗewa gare ta, shekara da shekaru ruwan da wasu za su ce ɗumi ne ni zan ce wuta. Hannuna kuma ya yi sallama da kasko.

Na tuna taron da ke kewaye ni a tasha, da yadda ake nuna ni da yatsa. Ba zan ɓoye ba, na ji zafin rabuwa da sunan nan. Na ɗaga kai, dutsen sama ya yi ja gaba ɗaya, har farin filin can sama ya fara hayaƙi. Na ce na yarda.

"To tsaya a tsakiyarmu," in ji shi. "Makaɗi ba ya nan. Ke za ki buga."

Zafin ya sauko. Ni ban ji shi ba, a jikinsu na gan shi. Ƙattin nan suka fara miƙa, gaɓoɓinsu na ƙara, kowanne ya murɗa kafaɗa waje guda, sai ga hanya ta buɗe a ƙarƙashin ƙafata. Mutanen Gishiri na shekara ashirin da biyu suka taho gaba ɗaya. Suka kwashe ni kamar tsinke, muka ratsa ƙofa, muka bi titunan birni da ba kowa, ina gwaruwa da bango, ina shan gishiri. A tsakiyar birnin ga wata ganga bisa dakali mai tsawo, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ambaliyar ta yi ta hawa da ni har na kai bakinta. Ba gula, ba sanda. Na ɗaga tafin hannuna na dama na maka mata iya ƙarfina.

Ganga ta amsa. Can gaba wata ta karɓa, wata ta karɓe daga gare ta, sautin ya bi wata doguwar hanya ya yi sama har na daina jinsa. Sai ƙasar gaba ɗaya ta yi wani irin fizga.

Na farka a bayan gida, na yi baya na faɗi zaune, hannuna a ƙirji, ina kurma ihun da ban taɓa yi ba tun ina budurwa. Tafin ya tashi fal. Ta-Toka ba ta nan, sai itace da ya kusa cinyewa. Rana na dukan ƙeyata, ƙasa na gasa mini ƙafa, bakina kuwa kamar na tauna garwashi saboda ƙayar nan. Ina kuka ina dariya. Yalwa ta fito tana dafa bango, ta tsaya tana kallona, don tunda take ba ta taɓa jin na ce wash ba.

Hajiya Turai ta iso da mota ana idar da la'asar. Kafin ta zauna na durƙusa na gaya mata gaskiya, cewa da safe hannuna ba ya jin zafi kuma na ɓoye. Na roƙi abu ɗaya, ta bari in haɗa ruwan wankan yaron na yamma a gabanta, in bai yi ba ta tafi da su, ba zan ce uffan ba. Ta dubi hannun da na naɗe da tsumma, ta dubi giɓina, ta ce in haɗa.

Na tsoma gwiwar hannun hagu na fizge, na ce a sirka. Aka zuba na randa. Na sake tsomawa, na ce a ƙara. Sau huɗu ina sa a ƙara, har Hajiya ta sa nata hannun ta ce wannan ai ya kusa yin sanyi, a ɗan mayar da na zafi. Muka tsaya a tsakiya, nata da nawa. Ta daɗe tana dubana, sannan ta aika a ce wa direba ya tafi, ita ma a nan za ta zauna har suna.

Da hannu ɗaya ba na iya wanka, Hajiya ce ta yi, ni ina zuba ruwa. Da ta gama ta naɗe shi a tawul ta ɗora mini a cinya. Na sa bayan hannuna a ɗan cikinsa. Wani abu ya ratso ni, mai laushi, ba ƙuna ba, kamar tuwon da aka rufe aka ajiye wa mutum. Ban san haka jarirai suke ba. Na goyi Yalwa shekara biyu, na yi jinyarta a zazzaɓi ban san sau nawa ba, sai dai Innata ta taɓa ta ta gaya mini.

Na manta da kunyar 'yar fari, na manta da baƙuwa a ɗaki. Na dubi Yalwa na ce, "Ke ma haka kike?"

Ta matso a hankali saboda bayanta, ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta, ta riƙe shi a wurin.